Lambar jami'a a jerin gwanaye ko karatun da ake yi a cikinta?

Hajiya, kin ce 'yarki ta samu gurbi a jami'o'i biyu a Amurka. Ɗaya mai zaman kanta ce da ke cikin 20 na farko a jerin gwanayen jami'o'i na mujallar U.S. News, ɗaya kuma ta gwamnatin jiha ce da ke wajen ta 60, kuma kina so ki ji ko wannan tazarar tana nufin ta gwamnatin ba ta da inganci. A ganina ba haka ba ne, ko da yake akwai inda mai zaman kanta ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma zan faɗa.

Mu fara duba ma'aunin. Mujallar U.S. News ta soma fitar da jerin nan ne a 1983, kuma har yau kashi 20 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga ra'ayin shugabannin jami'o'i a kan junansu. Wato suna ake aunawa, suna kuwa ya fi zama inda ya riga ya zauna tun tuni. Sauran makin ma da yawansa dukiya yake bi: nawa ake kashewa a kan kowane ɗalibi, nawa ne albashin malamai. Harvard tana da asusun ajiya da ya haura dala biliyan 50. Jami'ar jiha kuwa kowace shekara tana jiran abin da majalisar dokokin jiharta za ta ware mata, sannan dole ta buɗe ƙofa ga dubban 'ya'yan jihar. Idan aka ɗora su a sikeli ɗaya, an san wadda za ta rinjaya tun kafin a auna.

Abubuwa biyu sun faru da suka nuna yadda lambar take. A 2022 wani farfesan lissafi na jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya binciki alƙaluman da jami'arsa ke miƙa wa mujallar, ya nuna ba su yi daidai da zahiri ba. Jami'ar ta amsa cewa wasu alƙaluman kuskure ne, ta sauko daga ta 2 zuwa ta 18. Sai a 2023 mujallar ta sauya lissafinta: ta daina ƙirga gudummawar tsofaffin ɗalibai da yawan ɗalibai a aji, ta ƙara nauyi a kan yadda 'ya'yan talakawa ke kammala karatu. Nan take Rutgers, wadda ta gwamnati ce, ta tashi daga ta 55 zuwa ta 40, Berkeley da UCLA, su ma na gwamnatin jihar Kalifoniya, suka hau ta 15, ita kuma Vanderbilt mai zaman kanta ta zame daga ta 13 zuwa ta 18. Malaman nan dai su ne, ɗakunan gwajin ma su ne, lissafin kawai aka taɓa.

Jerin ƙasa da ƙasa ma haka yake, kowanne da abin da ya sa a gaba. Na Shanghai, wanda ya fara a 2003, yana ƙirga lambobin yabo na Nobel da Fields (ta fannin lissafi) da maƙalolin da aka buga a mujallun Nature da Science, babu ruwansa da yadda ake koyar da ɗan aji ɗaya. Na kamfanin QS ya dogara sosai a kan jin ra'ayin malamai da masu ɗaukar ma'aikata. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta janye daga jerin Times Higher Education a 2023, ta ce lamba guda ba za ta iya ɗauke ingancin jami'a sukutum ba.

To, a aje lambar a gefe, a jera jami'o'in biyu. Ta fuskar kulawa, mai zaman kanta ce a gaba: aji ƙarami, malami ya san sunan ɗaliba, idan ta fara sanyi a karatu akwai mai lura da ita da wuri. A babbar jami'ar jiha, a shekarar farko za ta iya samun kanta cikin ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya, wani darasin ma sai ta yi jira kafin ta samu wuri. Yarinya mai kunya, wadda ba ta saba zuwa ofishin malami ta ce ban gane ba, tana iya ɓacewa a irin wannan taro. Ke kika fi kowa sanin halin 'yarki, kuma wannan ya fi kowace lamba muhimmanci a wurina.

Ta fuskar zurfin ilimi kuwa, ta gwamnati ba ƙanwar lasa ba ce. Da yawa daga jami'o'in jihohi sun samo asali ne daga dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filaye don su kafa makarantun noma da aikin injiniya, shi ya sa har yau Purdue da Illinois da Texas A&M suke da ƙarfi a waɗannan fannoni fiye da jami'o'i masu zaman kansu da dama da ke samansu a jeri. A Berkeley aka gano sinadarin fulutoniyam, kuma Jennifer Doudna da ta ci Nobel a 2020 a can take koyarwa. Ɗaliba ai sashe guda za ta shiga, ba jami'ar gaba ɗaya ba. Sashen injiniya na jami'a ta 60 yana iya fin na jami'a ta 15.

Sai maganar abin da ke biyo bayan digiri, wadda na san ita ce ta fi damunki. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi sawun ɗaliban da manyan jami'o'i suka karɓa amma suka zaɓi zuwa wasu da ba su kai su suna ba. Suka tarar albashinsu daga baya kusan ɗaya ne da na waɗanda suka tafi manyan. Ma'ana hazaƙar yaron ce ke aiki, jami'ar ta tsince shi ne da abinsa. Amma sun samu togaciya mai nauyi: 'ya'yan marasa ƙarfi da baƙar fata sun fi cin moriyar babbar jami'a, mai yiwuwa saboda a can suke samun mutanen da za su buɗe musu ƙofofin da iyayensu ba su da makullinsu. A ɗaya ɓangaren, binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2017 ya nuna cewa jami'o'i 38 sun fi ɗaukar 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafi arziki a kan 'ya'yan kashi 60 na ƙasa baki ɗaya, alhali jami'ar jihar Kalifoniya da ke Los Angeles da jami'ar birnin New York suna sahun gaba wajen ɗaga ɗan talaka zuwa wadata. Abin yana min ciwo ƙwarai yadda ake raina irin waɗannan makarantu, su da suke ɗauke da nauyin jama'a.

Batun kuɗi yana da tarko. Arahar jami'ar jiha ta mazauna jihar ce. A Kalifoniya wanda ya zo daga waje yana biyan kusan ninki uku na kuɗin makaranta, kuma tallafin da zai samu kaɗan ne. Su kuwa irin su Princeton da Yale da MIT suna ba da tallafi gwargwadon buƙata har ga baƙi, ta yadda mai tsada a takarda za ta iya zama mai sauƙi a aljihu. Saboda haka a ajiye takardun tallafin biyu kusa da juna, a ga abin da ya rage a biya a shekara huɗu.

Da ni ce, idan kuɗin ya yi kusa da juna kuma yarinyar tana buƙatar a ja ta a jiki, zan tura ta mai zaman kanta. Idan kuwa sai an ci bashi mai yawa saboda lambar, ga shi sashen da take so yana da ƙarfi a ta jihar, zan tura ta can hankalina kwance. Kafin ku yanke shawara, ku shiga shafin intanet na College Scorecard na ma'aikatar ilimin Amurka ku duba yawan masu kammalawa da bashin da suke fita da shi da albashinsu a fannin da ta zaɓa, sannan ta rubuta wa sashen ta tambaya ko 'yan digirin farko suna samun shiga aikin bincike tare da malamai.