HDMI ko DisplayPort, wanne ya fi?

Kullum sai an tambaye ni wai wace waya zan saya in haɗa kwamfuta da allo, HDMI ko DisplayPort. To ga su nan.

Wajen samuwa dai HDMI ta yi gaba nesa ba kusa ba, talabijin, majigi, PS5, dikoda, duk ita ce, wayarta kuma ba tsada. DisplayPort da ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin allo ta fitar a 2006 da kyar ka gan ta a jikin talabijin, gidanta monita ne da katin zane (graphics card, mai sarrafa hoto a cikin kwamfuta).

Amma in ana maganar gudu labari ya canja. HDMI 2.0 tana tsayawa a 4K 60Hz (wato hoto mai ingancin 4K da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa), alhali DisplayPort 1.4 tana ɗaukar 4K 120Hz, sai da HDMI 2.1 ta zo da gudun tura bayanai na 48Gbps sannan ta cike giɓin, kuma ko ita sai allonka da kwamfutarka da wayar duk sun yarda da juna. DisplayPort kuma tana iya jona allo biyu ko uku a jere daga kafa ɗaya, masu aikin ofis sun san daɗin wannan.

Ka kula, kan DisplayPort sau da yawa yana da ƴan haƙoran kulle, in ka fizge ba ka danna maballin ba sai ka ɓalle kafar.

Mai kallo a falo ko mai PS5, HDMI ta ishe shi. Mai wasa a kwamfutar tebur ko mai allo da yawa, ya nemi DisplayPort.