Jaknaif ko butstiraf: wanne ya fi auna karkatar ƙiyasi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wace dabara za ka bi, jaknaif ko butstiraf, don auna karkatar ƙiyasinka, wato yadda lissafinka ke yawan kauce wa gaskiya ta gefe guda. Tunda abin da kake ƙiyastawa rabo ne, wato jimillar wani abu a kan jimillar wani, kuma mutanenka ba su kai hamsin ba, ka ɗauki jaknaif. Da shi nake aiki tun ina ɗalibi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Aikinsa ba wuya. Ka lissafa ƙiyasinka da dukkan bayanan. Sai ka cire mutum na farko ka sake lissafi, ka mayar da shi ka cire na biyu, haka har ka zagaye kowa. Ka ɗauki matsakaicin waɗannan amsoshin, ka debe ƙiyasin farko daga ciki, ka ninka abin da ya rage da adadin mutanen ban da ɗaya. Karkatar ke nan. Maurice Quenouille ne ya fito da dabarar a 1949, John Tukey ya faɗaɗa ta a 1958, tun kafin kwamfuta ta shiga hannun kowa, shi ya sa ko da biro da takarda ana iya yin ta.

Gwada da lambobi uku ka gani da idonka: 2, 4, 9. Matsakaicinsu 5. Nisan kowacce daga 5, idan an ninka shi da kansa, ya ba da 9, 1 da 16, jimilla 26. Idan ka raba da 3 don auna warwatsuwa za ka samu 8.67, kuma an san wannan lissafin yana rage wa gaskiya tsawo. To cire 2: warwatsuwar 4 da 9 ita ce 6.25. Cire 4, ka samu 12.25. Cire 9, ka samu 1. Matsakaicinsu 6.5. Debe 8.67, ninka da 2, karkatar ta fito 4.33 ta ƙasa. Ƙara ta a kan 8.67 sai ga 13 cif, daidai da abin da za ka samu idan ka raba 26 da 2, yadda littattafan ƙididdiga suka koyar. Ba wanda ya gaya wa jaknaif wannan ƙa'idar, shi ya lalubo ta da kansa.

Ranar da nake kare bincikena, ɗaya daga cikin malaman da ke jarrabawar bai yarda da gyaran da na yi wa wani rabo ba. Ya karɓi bayanan, ya buɗe Excel a tasa kwamfutar, ya yi ta cire layi ɗaya-ɗaya muna zaune muna kallonsa, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Lambar da ta fito masa ita ce tawa, har ɗigo na ƙarshe. Ya rufe kwamfutar ya ce a wuce tambaya ta gaba. Abin da na fi so a jaknaif ke nan: babu caca a cikinsa, duk wanda ya maimaita zai samu amsa guda.

Butstiraf kuwa na Bradley Efron ne, 1979. Kana ɗibar samfur daga cikin samfurinka, kana mayar da wanda ka ɗiba, sau dubbai. Na taɓa sayen wata manhaja saboda shi kaɗai, alhali yana nan kyauta a manhajar ƙididdiga ta R, kuma kowane gudu da 'yar amsarsa daban sai ka ɗaure lambar da kwamfuta ke fara zaɓen caca da ita. A kan lambobin nan uku, ko ka gudu da shi har gobe, gyaransa a 11.56 zai tsaya, ba zai kai 13 ba. Amma in ba shi haƙƙinsa: idan lambar tsakiya kake ƙiyastawa, wato wadda ke faɗowa a tsakiya in an jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, jaknaif ba ya taɓuka abin kirki, domin cire mutum ɗaya kusan ba ya motsa ta. Can sai butstiraf.

Kafin ka gyara komai, kwatanta karkatar da ma'aunin kuskuren ƙiyasin, wanda manhaja ke rubutawa SE. Efron da Tibshirani sun ba da shawara cewa idan karkatar ba ta kai rubu'in SE ba, a ƙyale ta. Dalili shi ne gyaran ma ƙiyasi ne, yana da tasa rawar, sai garin neman gira a rasa ido. Ka rubuta ta a rahoto kawai, mai karatu ya gani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan "nazarin bayanai" da masu sayar da bayanan da aka riga aka tattara. Za su ce maka manhajarsu tana goge karkata da latsa maɓalli ɗaya, ko su ce mutanensu sun kai dubu ɗari don haka babu matsala. Ƙarya ce. Jaknaif da butstiraf duka karkatar da ke cikin lissafi suke aunawa. Wanda ba a taɓa tambaya ba, babu yadda za su san da shi. A zaɓen Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su galibi na masu tarho da masu mota ne, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irin sauran jama'a ba ne. George Gallup da mutanen da ba su kai ko kusa da haka ba ya faɗi wanda zai ci daidai.

Duk wanda zai sayar maka da bayanai, ka tambaye shi daga wane jeri aka zaɓo mutanen, nawa aka tuntuɓa, nawa suka ƙi amsawa. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Naka bayanan kuma, turo min ginshiƙai biyun da kake raba jimillar ɗaya da ta ɗayan, ba tare da sunaye ba, in nuna maka yadda za ka jera su a Excel.