Methylphenidate ko atomoxetine: wanne ya fi dacewa da babba?

Ɗan'uwa, ka ce likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya tabbatar maka kana da ADHD, larurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri guda, kai da shekararka 34 kana ɗinki a Kasuwar Barci. Ya ambata maka magunguna biyu, kana tambayar bambancinsu.

Methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, tsohon hannu ne, tun shekarun 1950 ake sayar da shi. Yana ƙara sinadarin dopamine da noradrenaline a ƙwaƙwalwa, kuma ba ya ɓata lokaci: minti 30 zuwa awa ɗaya ka fara jin canji. Ƙaramar ƙwayar takan yi awa 3 zuwa 4 ta sake ka, shi ya sa ake shan ta sau biyu ko uku a rana. Akwai mai dogon zango, Concerta, da ke kai awa 12. Wannan haɗiye ta ake yi ɗungurungum, ba a taunawa ba a fasawa, kuma in ka ga ɓawonta a bayan gida kada ka tsorata, maganin ya riga ya fita daga ciki.

Matsalarsa ita ce abinci da barci. Sai a kawo maka shinkafa da rana ka tsakura ka ture kwanon. In ka sha shi bayan la'asar kuwa, kana iya kwana ido biyu har kiran assalatu. Yana ɗan ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka awon hawan jini kafin a fara wajibi ne. Ga shi yana cikin magungunan da doka ta sa wa ido tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, sai da takardar likita, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba.

Atomoxetine, wato Strattera, a 2002 Amurka ta amince da shi. Shi noradrenaline ya fi taɓawa, ba ya sa maye, ba a jarabtuwa da shi. Sai dai mai jinkirin aiki ne. Sati 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin ka ga amfaninsa, kuma kullum ake sha ba fashi. Wasu tun kafin lokacin ya cika suke ajiyewa su ce ba ya aiki. Yakan kawo tashin zuciya, bushewar baki, wasu maza fitsari ya riƙa yi musu nawa ko sha'awa ta ragu. In idonka ya yi rawaya, ko tunanin cutar da kai ya zo maka, koma wurin likita a ranar.

A ganina, in zuciyarka lafiya lau, barcinka ba matsala, methylphenidate ya fi ƙarfi, kuma shi da wani makamancinsa, lisdexamfetamine, ne ƙa'idar likitocin Ingila ta 2018 ta sa a gaba ga manya. Amma in ka taɓa faɗawa shan tramol ko kodin, ka gaya wa likita gaskiya, ba abin kunya ba ne a ɗakinsa. A nan atomoxetine ya fi kwanciyar hankali.

Tun da ɗinkin sallah raba dare kuke yi, tambaye shi tun yanzu yadda za ka tsara sha da azumi, don methylphenidate ɗin da aka sha da sahur ƙarfinsa zai ƙare kafin ka zauna kan keken da dare.