Wasiƙa daga Rotterdam kan masu gina tashoshin jiragen ruwa

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni wa ya fi ƙwarewa wajen gina tashar jiragen ruwa, Turawa ko 'yan Sin. Ga abin da na fahimta daga aikin da nake yi a nan, na kai kayan gyara ga jiragen yashe teku.

Rabin aikin tasha a ƙarƙashin ruwa yake, inda ido ba ya gani. Kafin a zuba kankare ko buhu ɗaya, sai an yashe hanyar da jirgi zai bi, an cike inda za a kafa dandamali, an gina katangar da za ta karya igiyar ruwa. A kasuwar da kowa ke iya neman kwangila, kamfanoni huɗu ne suka riƙe wannan fanni: Boskalis da Van Oord na Holan, sai Jan De Nul da DEME na Beljiyam. Ƙarfinsu a jiragensu yake. Jan De Nul na da wani jirgi, Cristóbal Colón, wanda ke zuƙo yashi daga ƙasan teku ya cika cikinsa da kubik mita 46,000 a lodi ɗaya. Irin wannan ba a samunsa haya a ko'ina. Wanda ya mallake shi, shi ke faɗin lokacin da aiki zai fara.

Wurin da nake zuwa kullum sunansa Maasvlakte 2, wani sabon ɓangare na tashar Rotterdam a nan Holan, kuma kafin 2008 teku ne zalla. Boskalis da Van Oord suka haɗa gwiwa, suka ɗebo yashi kimanin kubik mita miliyan 240, suka fito da ƙasa mai faɗin hekta 2,000, aka buɗe a 2013. Katangar da ke kare ta kilomita 11 ce, mafi yawanta tudun yashi, sauran kilomita 3.5 kuma dutse da kankare. Holan ba ƙasar duwatsu ba ce, don haka daga Nowe aka riƙa jigilar mafi yawan dutsen a jirgi. Tubalan kankaren kuwa, kusan 20,000, kowanne tan 40, daga tsohuwar katanga aka ciro su aka sake jerawa, har sai da aka haɗa ƙugiya ta musamman don wannan aiki kaɗai. A nan na gane cewa ɗan kwangilar tasha ɗan dako ne kafin ya zama magini. Idan jirgin dutse ya makara, injiniya da ƙugiya da ma'aikata duk zama za su yi, kuma kuɗi na tafiya. Abin da ya fi burge ni a kwangilar shi ne ba ta ƙare ranar buɗewa ba: waɗanda suka tsara suka gina, su aka ɗora wa kula da katangar na wasu shekaru. Mutumin da ya san shi zai gyara ba ya yin ha'inci a ginin.

'Yan Sin kuwa da wata dabara suke zuwa. Kamfanin CHEC, wanda ya gina tashar Lekki mai zurfin mita 16.5 da tashar Hambantota a Siri Lanka, yakan zo da komai a hannu ɗaya: zane, gini, ma'aikata, sau da yawa har da bankin da zai ba da rance. Ga gwamnatin da ba ta da kuɗi a ƙasa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma suna da sauri, wannan kam ba a musu. Sai dai wanda ya kawo kuɗi shi ke da baki. A 2017 Siri Lanka, da bashi ya yi mata katutu, ta ba wa wani kamfanin Sin hayar Hambantota na shekara 99. Ban ga laifin magini a nan ba. Laifin na wanda ya sa hannu ne bai lissafa jirage nawa za su zo ba.

A ƙugiyoyin sauke kwantena, Sin ta yi wa kowa nisa. Mafi yawan waɗanda ke tashoshin duniya daga kamfanin ZPMC na Shanghai suke, kuma a haɗe ake kawo su, a tsaye kan jirgi, su ratso teku. Kamfanonin Turai, Liebherr da Konecranes, su ma suna nan da nasu. Ni dai, da ni ke saye, tambayata ta farko ita ce ina ma'ajiyar kayan gyara take, kuma kwana nawa makaniki zai yi kafin ya iso. Ƙugiya ɗaya ta tsaya, jirgi na jira, kuma jiran jirgi biyansa ake yi.

Amurka ta ba ni mamaki. Tun 1906 dokarsu ta hana jiragen ƙasashen waje yashe a ruwansu, don haka manyan jiragen nan ba sa aiki a can. Masar kuwa, da ta so faɗaɗa mashigin Suwez, ta tara kamfanonin nan huɗu da wani na Abu Dabi da wani na Amurka, aka buɗe a Agustan 2015, shekara ɗaya da fara aiki.

Sai abin da ke bayan tasha, wanda ake yawan mantawa a lissafi. Daga Rotterdam akwai layin dogo na kaya zalla, Betuweroute, kilomita 160 har iyakar Jamus, tun 2007. Wani kaso mai yawa na kwantenoni ma ta kogin Rhine yake wucewa a jiragen dako. Takardu kuwa ta wata manhaja ake turawa, Portbase, inda kwastan da wakilin jirgi da mai mota ke ganin bayani ɗaya, direba kuma ba ya zuwa ƙofa sai da lokacin da aka ba shi. Idan an kawo muku takardun neman kwangila, Yaya, ka duba ko hanyar fitar da kayan tana ciki, da sunan wanda zai gina ta da ranar gamawa.

A gaida mutanen gida. Ƙaninka.