Gaɓar Kuroshiya ko ta Albaniya: ina Yuro 500 zai fi kai ka?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kana karatu a Italiya, ka samu hutun kwana goma, ka tara Yuro 500, kana son ka saɓa jaka a baya ka bi bakin teku, amma ka rasa wadda za ka zaɓa tsakanin Kuroshiya da Albaniya. Na taka duka biyun, ga abin da na gani.

Kafin maganar kuɗi, duba takardarka. Kuroshiya ta shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba bincike, kuma ta koma kashe Yuro tun 1 ga Janairun 2023, saboda haka fasfonka da katin izinin zamanka na Italiya sun isa. Albaniya ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana karɓar wanda ke da izinin zama mai aiki na wata ƙasar Schengen. Sai dai fa idan katinka ya ƙare, abin da ke hannunka rasit ɗin nan ne na gidan waya da ake bayarwa lokacin sabuntawa, to ka zauna inda kake har sabon kati ya fito. Kada ka yarda wani ya ce maka "ai ni na wuce da shi".

Zuwa ba wuya ko ta ina. Akwai jirgin ruwa na dare daga Ancona zuwa Split ta Kuroshiya, akwai kuma daga Bari zuwa Durres ta Albaniya. Sayi tikitin kujera kawai, ka kwana a zaune, ka huta da kuɗin masaukin dare ɗaya. Jiragen saman Ryanair da Wizz Air ma suna sauka Tirana, babban birnin Albaniya, da araha, muddin jakarka za ta shige ƙarƙashin kujera.

Inda ƙasashen suka raba hanya shi ne wurin kwana da ciki. A Split da Dubrovnik na Kuroshiya, a watan Yuli da Agusta, gado ɗaya a ɗakin haɗaka na matafiya yakan ci kuɗin da zai kama maka ɗaki naka kai kaɗai a Vlore ko Gjirokaster na Albaniya. Dubrovnik ita ce uwar tsada. Hawa ganuwarta, mai tsawon kusan kilomita 2, ya haura Yuro 30, kuma ko ruwan gora ka saya a cikin tsohon gari sai ka ji a jikinka. Split ta fi sauƙin hali, domin fadar Sarkin Rum Diocletian, wadda aka gina wajen shekara ta 300, ita ce tsakiyar garin kanta: mutane na zaune a ciki, suna shanya kaya a taga, kai kuma ka yi ta yawo ba mai tambayarka ko sisi. A Zadar ma akwai matakala a bakin ruwa da aka yi wa bututu a ƙasa, igiyar ruwa na busa su kamar sarewa, zama a wurin kyauta ne. A Albaniya kuwa, byrek, wato wani burodi mai falle-falle da ake cusa wa cuku ko alayyahu, da wuya ya wuce lek 100 na kuɗin ƙasar, kusan Yuro ɗaya ke nan. Biyu da kofin shayi sun riƙe ka har la'asar.

Ga wani abu da ya kusa sa na yi faɗa a kasuwa. 'Yan Albaniya da yawa har yau da tsohon lissafi suke faɗar farashi, suna ƙara sifiri ɗaya. Mai kaya zai ce maka dubu, alhali ɗari yake nufi. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke cewa dala ashirin suna nufin sefa 100 za su gane wannan da wuri. Ka sa ya rubuta maka lambar, ka tambaya sabon lek ne ko tsoho. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan shaguna da motocin haya ba su san kati ba. Layin wayarka na Italiya zai yi aiki a Kuroshiya ba ƙarin caji, amma a Albaniya kashe data ka sayi layin can.

Zirga-zirga kuma Kuroshiya ta yi wa Albaniya fintinkau. Bas yana da lokaci, tikiti a intanet, jiragen ruwa na Jadrolinija suna kai mutane tsibiran Hvar da Brac a kan tsari. Tun da aka buɗe gadar Peljesac a 2022, mai zuwa Dubrovnik daga Split ba dole ya ratsa ta Neum ta ƙasar Bosniya ba, wanda hakan sauƙi ne babba ga mai fasfo irin namu. A Albaniya kuwa akwai ƙananan motoci da suke kira furgon, kuma duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san halinsu. Kuɗin ba yawa, direba zai sauke ka inda ka ce, amma kada ka ƙulla alkawari da agogo. Ladan haƙurin shi ne hanyar Vlore zuwa Himare ta kan dutsen Llogara, sama da mita 1,000, teku shimfiɗe a ƙasanka. An buɗe ramin mota a ƙarƙashin dutsen a 2024, to ka tambayi direba ta sama zai bi ko ta rami.

Yanzu maganar da na san tana ranka. Kada ka ce Albaniya ƙasar Musulmi ce ka saki jiki. Kusan rabin jama'ar Musulmi ne, gaskiya, kuma a Tirana ga masallacin Et'hem Bey a dandalin Skanderbeg, ga kuma babban masallacin Namazgah da aka buɗe a 2024. Amma gwamnatin kwaminisanci ta Enver Hoxha ta haramta addini gaba ɗaya a 1967, kuma tabon bai goge ba. Naman alade da giya suna nan a gidajen abinci, garuruwan bakin teku irin su Himare da Dhermi kuma galibi Kiristoci ne. Tambaya dole ce. A Kuroshiya manyan masallatai suna Zagreb da Rijeka, a Split da Dubrovnik kuwa ɗan ɗakin salla ne a cikin lungu. Can kifi, ƙwai, burodi da cuku daga kantin Konzum ko Lidl su ne rufin asirinka.

Da ni ne da Yuro 500 ɗin nan, Albaniya zan nufa: kwana biyu a Tirana, ɗaya a Berat, biyu a Himare, uku a Sarande, daga nan in leƙa kufan Butrint da idon ruwan da suke kira Syri i Kalter, in biyo ta Gjirokaster in koma. Ksamil, ƙauyen bakin teku kusa da Sarande, ka je da safe ka gani ka dawo, domin a Agusta kujerar bakin ruwa kaɗai tana iya cinye kuɗin abincinka na yini. Idan kuma zuciyarka ta nace sai Kuroshiya, ka rage kwanakin zuwa shida, ka yada zango a Zadar da Split, Dubrovnik ka yi mata kwana ɗaya tak. In hutun naka zai iya matsawa zuwa Satumba, matsar da shi: ruwa na nan da ɗuminsa, cunkoso ya ragu, masu masauki kuma sun sauko da farashi.