Sauri akwai, amma manhajar kwashe fayilolinsu ba abar yarda ba ce

Da a makon farko na rubuta sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta. 'Yar ƙaramar kwamfutar teburin nan ce da ake ta talla, mai rumbun ajiya na zamani da ake kira SSD, na gigabait 512, kun kuma san ba kyauta ake bayar da ita ba. Tsohuwar tamu ba mutuwa ta yi ba. Windows 10 ke kanta, shi kuma an kawo ƙarshen tallafin da aka saba ba shi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa ba za ta ɗauki Windows 11 ba saboda ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta da ake buƙata. Tunda a kanta muke komai a gidan, daga takardun aikina zuwa aikin makarantar yara, sai na ga gara a sake.

Gaskiya ɗaya ce, sabuwar tana da sauri. Kafin ka gyara zama a kujera ta gama tashi. Fankarta ba ta damun kowa, ba kamar tsohuwar ba da sai ka san an kunna ta ko kana wani ɗakin. Wannan na ba su, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Abin da ya ja ni gare ta musamman shi ne alkawarin da ke jikin kwalin: wai akwai manhajar kamfanin a ciki da za ta kwaso duk kayanka daga tsohuwar kwamfuta ba tare da ka sha wahala ba. Ka ɗora ta a kan duka biyun, ka haɗa su a Wi-Fi ɗaya, ka shigar da lambar da ta nuna maka, ka je ka yi barcinka. Haka na yi. Kayanmu sun ɗan haura gigabait 300, yawancinsu hotuna da bidiyo na shekaru. Na bar su suna aiki da dare, da safe na tarar da katon alamar kore a sikirin da rubutu cewa an kammala cikin nasara. Babu gargaɗi, babu jerin abin da ya gagara, babu komai. A ƙasan wannan saƙo kuma ga wani maɓalli yana tambaya ko ina so a share tsohuwar kwamfutar tas don in sayar ko in bayar da ita. Ku riƙe maganar maɓallin nan.

Na leƙa foldar takardu, suna nan. Na leƙa ta hotuna, ga su birjik. Muka ci gaba da amfani da ita hankali kwance, har na fara tunanin wanda zan ba tsohuwar. Sai wata rana da yamma uwargida ta zauna tana neman muryoyin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, saƙonnin murya da ta tattara daga wayoyin da ta riƙe a baya ta adana wuri guda. Ta kira ni ta ce, "Baban yara, zo ka ga, foldar tana nan amma ba komai a ciki." Na zo na duba. Sunan foldar na nan daram, ƙananan foldojin da ke cikinta ma suna nan, kowacce da sunanta, amma duk wadda ka buɗe wayam. Gabana ya faɗi. Ita ba ta ce komai ba, ta dai tashi ta bar ɗakin, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo a kan faɗa.

Na jawo tsohuwar daga inda na jingine ta, na sake haɗa wayoyinta, na kunna. Muryoyin suna nan lafiya lau. Daga nan na fara bin foldoji ɗaya bayan ɗaya ina danna bayanin kowacce, ina gwada yawan fayil da nauyinsu a nan da can. Ashe ba muryoyin kaɗai ba ne. Takardun da na yi wa sikanin, rasidai, wasu hotunan yara suna ƙanana, ayyukan 'yarmu na shekarar ƙarshe a makaranta, duk an tsallake su. Kusan gigabait 30 ba su iso ba, kuma manhajar ta kalli idona ta ce an kammala.

Ƙanina ne, wanda ya fi ni sanin waɗannan abubuwa, ya gano inda gizo ke saƙar. A Windows akwai tsohuwar iyaka ta haruffa 260 a kan cikakken adireshin fayil, wato sunan rumbun da na kowace folda da ka ratsa da sunan fayil ɗin kansa, duk a haɗe. Tun 2016 aka buɗe hanyar wuce wannan iyaka a Windows 10, amma sai an kunna ta, kuma sai ita manhajar da ke aikin an rubuta ta yadda za ta iya. Mu kuma kayanmu irin na kowane gida ne: ajiyar tsohuwar waya a cikin ajiyar wadda ta gabace ta, folda cikin folda, ga uwargida da son ba wa folda suna mai tsawon jimla guda don kada ta manta abin da ke ciki. A tsohuwar kwamfutar adireshin ya kusa iyaka amma bai kai ba. Sai manhajar kamfanin, da wayonta, ta ƙirƙiri tata foldar mai dogon suna, da sunan tsohuwar kwamfutar da kwanan wata da wasu lambobi, ta zuba komai a ƙarƙashinta. Wannan ƙarin ne ya tura dubban fayiloli suka haura 260. Ita ta jawo matsalar da hannunta, ta kasa kwafe su, sannan ta yi gum.

Shirun ne ya ƙona mini rai, ba gazawar ba. Kowace na'ura tana iya kasawa. Da ta rubuto cewa ga fayil kaza da kaza ban iya kwashewa ba, da na gode mata na nemi wata hanya. Amma ka nuna wa mutum alamar kore, ka kuma miƙa masa maɓallin share asalin kayansa a shafi ɗaya? Wanda ya tsara wannan bai taɓa rasa abin da ba ya sayuwa ba.

Na tuntuɓi sashen kula da masu saye ta wurin hirarsu ta intanet. Bayan doguwar jira wani ya amsa, da ladabinsa kam. Na zayyana masa komai, har hoton sikirin na tura na foldar a tsohuwa da a sabuwa. Ya ce, "Yallaɓai, ka gwada kashe kwamfutar ka sake kunnawa." Na ce Malam, ba abin da ya maƙale, fayiloli ne ba a kwaso ba. Ya ce in sake saukar da manhajar. Na tambaye shi ko tana ajiye rahoton abin da ta tsallake a wani wuri, ya ce zai miƙa maganar ga masu fasaha, za a tuntuɓe ni. Abin da ya iso daga baya saƙo ne na neman in faɗi yadda na ji daɗin hidimarsu. Ukun da na yi niyyar ba su cikin taurari biyar, a nan ɗaya ta zube.

Sai muka koma hanyar gargajiya. Da farko filas na ɗauko, mai gigabait 64, don in fara kwaso abin da ya fi muhimmanci. Muryoyin suka shiga ba gardama. Da na zo kan bidiyon yaye 'yarmu daga makaranta, mai nauyin gigabait shida da wani abu, sai aka ce fayil ɗin ya yi girma, alhali filas ɗin ko rabi bai cika ba. Wannan ba laifin kwamfutar ba ne, kuma na faɗe shi ne don wanda zai ci karo da shi: filas ɗin a tsarin FAT32 yake, wato wani tsohon salon shirya ajiyar fayiloli, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan filin da ya rage. Sai an mayar da shi wani tsarin, exFAT ko NTFS, kuma in ta hanyar fomatin za a yi, duk abin da ke ciki zai tafi, don haka a kwashe tukuna.

Ganin haka na ari rumbun ajiya na waje, muka juye komai daga tsohuwar. Ƙanina ya yi amfani da robocopy, wani umarni da ke cikin Windows ɗin kansa, wanda dogon adireshi ba ya hana shi aiki, kuma idan ya gama yana jero maka adadin da ya kwafe, da wanda ya tsallake, da wanda ya gagara. Abin da manhajar kamfanin mai launuka da zane-zane ta kasa yi ke nan, ga shi a baƙin allo mai farin rubutu, kyauta.

Wajen juyewa cikin sabuwar kuma wani haushin ya taso. Akwai ramin USB-C a gabanta, shi na fara soka rumbun a ciki tunda shi ne na zamani. Aiki ya kama tafiyar hawainiya, megabait talatin da 'yan kai a daƙiƙa, lokacin da ya rage kuma sai hawa yake yi maimakon sauka. Ashe USB-C siffar bakin rami ce kawai, ba ta nufin sauri. Ana iya sa ramin USB-C a bar shi a kan ƙarfin USB 2.0, tsarin shekarar 2000 mai megabit 480 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya), yayin da USB 3.0 na 2008 ke kai gigabit 5, wato ninki goma a takarda. Na gaban nan na 2.0 ne. Sai da na tono takardar bayanan na'urar a shafinsu na gan shi a ƙananan haruffa, a kwali kuwa "USB-C" kawai aka rubuta da manyan baƙi. Masu saurin suna baya, guda biyu, a matse da juna ta yadda in ka soka abu mai kauri a ɗaya ya toshe ɗayan. Da muka koma can aikin ya ɗauki hanya, duk da cewa foldojin da ke cike da dubban ƙananan fayiloli sun fi manyan bidiyo jan lokaci, haka abin yake a kowace kwamfuta.

Babu wurin saka faifan DVD, babu na katin kyamara. Na san haka kafin in saya, ban yi ƙorafi ba. Gigabait 512 ɗin ma 476 za ka gani a ciki, saboda masu ƙera rumbu da dubu suke lissafi, kwamfuta kuma da 1024, wannan ma kowa haka yake yi. Abin da ban yafe ba shi ne tarkacen manhajojin gwaji da suka cusa, masu cin fili suna kuma leƙowa kowane lokaci suna neman a biya.

Bayan komai ya dawo, na ɗan huce. Na zauna na shirya hotuna, tana buɗe manyan fayiloli kamar ba komai, yara suna aikinsu ba mai kuka da ita. Har na ce wa kaina to, ai kayan ba su ɓace ba, na'urar kuma mai kyau ce, a bar maganar. Sai na je neman wata takardar asibiti da na san na yi wa sikanin shekarun baya, na ce a jera mini foldar bisa kwanan wata. Duk fayilolin da manhajarsu ta kwaso rana ɗaya suke ɗauke da ita, ranar da aka yi ƙaurar. A kwafe na yau da kullum ranar ƙirƙira ce kawai ke sauyawa, ranar gyaran ƙarshe tana bin fayil ɗin duk inda ya je. Tasu ta shafe duka biyun. Hotunan kyamara sun tsira domin suna ɗauke da ranar ɗauka a cikin jikinsu. Na WhatsApp ba su da wannan bayanin, sai dai masu kwanan wata a sunansu, irin IMG da lambobin shekara da wata, su ma ana iya bin sawunsu. Amma takardun sikanin da duk abin da aka taɓa sauya wa suna sun zama tsibi guda, na shekara goma da na bara ba bambanci. Dole muka goge duk abin da ta kwaso muka sake juyewa daga rumbun waje, wannan karon da umarnin a riƙe kwanakin fayil da na folda yadda suke. Ayyukan da aka riga aka yi a kan sabuwar a tsakanin nan kuwa sai da na tsince su da hannu ɗaya-ɗaya don kada sabon juyi ya hau kansu.

Wanda zai fara daga fari, ba shi da tsohon kaya, zai ji daɗin wannan kwamfuta, ban hana shi ba. Wanda kuwa yake da tarin shekaru a wata na'urar, ya nemi rumbun waje, ya soka a ramin baya, ya kuma gwada yawan fayil a ɓangarorin biyu da idonsa kafin ya taɓa tsohuwar. Ga kamfanin kuma, in suna karanta irin wannan: ku sa manhajarku ta riƙa faɗin abin da ta bari, ku kuma cire maɓallin sharewar nan daga shafin ƙarshe. Na cire manhajar daga sabuwar, amma a tsohuwar har yanzu duk sanda na kunna sai ta leƙo tana tambaya ko na shirya a share.