Danna fayil sau biyu ko shigo da shi ta Data: wanne ya fi?

Malam sakatare, ka ce ka sauke jerin manoman shinkafa na yankinku na Auyo daga manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanansa da wata alama, da ka buɗe shi a Excel sai komai ya cunkushe a layin tsaye guda, sunaye suka rikice, sifilin farkon lambobin waya ya ɓace. Kana tambaya ko fayil ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, yadda ka buɗe shi ne.

In ka danna shi sau biyu, Excel ba ya shawara da kai. Alamar rabewa da aka saita a Windows ɗinka yake bi, galibi waƙafi, alhali Kobo da alamar semicolon (;) yake raba bayanansa. Shi ya sa suna da ƙauye da girman gona suka zauna ɗaki ɗaya. Ta shafin Data da ke saman Excel kuwa, ka zaɓi From Text/CSV, zai nuna maka samfuri tukuna, kai za ka faɗa masa alamar semicolon a gurbin Delimiter. A tsofaffin Excel sunan maɓallin From Text.

Haka batun haruffanmu masu lanƙwasa. Dannawa sau biyu kan mayar da Ɗanladi ya zama ÆŠanladi, domin da tsarin haruffa na UTF-8 aka rubuta fayil ɗin, Excel kuma ya karanta shi da wani tsari na daban. Ta Data, a File Origin ka zaɓi 65001, wato UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ za su dawo hayyacinsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne lambobi. Suna in ya rikice ido zai gani, sifili kuwa shiru yake tafiya. Lambar waya mai lamba 11 ta koma 10, lambar asusun banki mai 10 da ta fara da sifili ta koma 9, ranar biyan kuɗi kuma a ce asusun manomi ba ya nan. Wadda aka rubuta da 234 a gaba sai ta fito da E+12 a wutsiya. Nan fa ko ta Data ba ka tsira kai tsaye ba, don shi ma yana yin nasa hasashen. Dole a Data Type Detection ka hana shi hasashe, ko ka shiga Transform Data ka mayar da waɗannan layukan Text.

Ni dai dannawa sau biyu na bar ta don leƙawa kawai, in ga ko mutum nawa ne a ciki. Duk abin da zai shiga rahoto ta Data nake bi da shi, ƙarin minti biyu ne.

In har ka riga ka danna Save a kan wancan fayil, sifilan sun tafi ke nan. Koma Kobo ka sake saukewa in ka samu netwok, wannan karon ma ka zaɓi XLS, wato fayil ɗin Excel, ka huta da rigimar waƙafi.